Yadda Aka Kashe Huɗu A Tirkaniya

Ba tsufa ne ya zaunar da ni rubuta wannan ba, don ko aure ban yi ba tukuna. Suna aka liƙa mini a Makera, kuma na ga alamar ba zai ɓare da wuri ba. Shekaranjiya da na je ɗebo ruwa, wata yarinya da ko hancinta ba ta iya sharewa ba ta nuna ni da yatsa ta ce ga Rakiya Gidan Rediyo. To, Hafsatu da Ummi, ƙannena, ku da kuke makarantar kwana sa'ad da abin ya faru, da ku 'ya'yan da zan haifa in Allah ya nufa, ga yadda aka yi daga bakina, kafin ku ji shi a bakin masu ƙara gishiri.

Da na gama sakandare na dawo gida na zauna, daga wanke-wanke sai leƙen ƙofa. Madam Ladi, wadda Baba ke yi wa ɗinkin kayan zuwa coci tun lokacin da aka rufe masaƙa ya koma tela, ita ta ce a ba ta ni in koyi buga rubutu a shagonta na kwamfuta a Tirkaniya. Shago ne na ɗaukar hoto da kwafin takardu, a bayansa kuma akwai ɗaki mai kwamfutoci shida da yara ke gwajin jarrabawa a kansu. Baba ya daɗe yana juya maganar. Ba Madam Ladi yake tsoro ba, hanya yake tsoro. Duk wanda ya girma a wannan gefen kogi ya san yadda gari ke iya juyewa tsakanin azahar da la'asar, ya san yadda ake jan ƙofar shago da hannu ɗaya ana jan yaro da ɗayan. Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kama shi da bakinsa ba, "ki je. Amma ranar da na ji wani abu ya faru a hanya, ko taya ɗaya aka ƙona, kin gama da aikin nan. Ba zan maimaita ba."

Na ce na ji. Da wannan maganar nake shiga napep kullum, da ita nake sauka. In na ga mutum uku sun taru a bakin titi sai in fara addu'a, ba don raina kaɗai ba, har don kada labari ya kai gida.

Da damina ta kama, jarrabawa ta wuce, kwamfutocin ɗakin baya suka zauna ba aikin fari bare na baƙi. Sai Bulus, ɗan yayar Madam da ya gama jami'a yana jiran aiki, ya zo da maganar wani malaminsa mai bincike kan yadda kogi ke cika ya shigo unguwanni. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai ta yi ta nishi ba ta kai ko'ina ba. Bulus ya ce zai haɗa shidan da waya su raba aikin, kamar mata a kan dakan biki. Nawa shi ne in zauna gaban kowace in karanto masa abin da ta rubuto, in buga abin da ya ce. A nan na fara jin kalmar kompaila, wato manhajar da ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta ta juya shi zuwa yaren da na'ura ke ganewa. A nan kuma na ji laburare, ba na littattafai ba, wani tarin kayan aiki ne da ke koya wa kwamfutoci yadda za su yi wa juna magana, wa zai ɗauki wane kaso, wa zai tattara amsa. Na so aikin nan fiye da yadda na bari a gani a gida. Ban taɓa samun abin da nake ɗokin gari ya waye saboda shi ba sai wannan.

Sai dai abin ya ƙi. Bulus ya juya lissafin da kompaila, ba kuskure ko ɗaya. Ya tayar da shi, aka jira kowace kwamfuta ta faɗi matsayinta a cikin shida, sai ta farko ta rubuto cewa ita ce ta farko, kuma ita kaɗai ce. Na matsa gaban ta biyu, ita ma haka. Dukansu shida kowace ta ce ita ce ta farko. Ba mai sauraren wata, kowace ta rungumi aikin gaba ɗaya, fankokinsu suna kuka, can sai su sandare. Madam ta leƙo da ƙullin gyaɗa a hannu, aka gaya mata abin da ake ciki.

"Ah, to ai taron ƙungiyar matan layinmu kuka haɗa," ta ce. "Kowa ciyaman, ba mai share wuri."

Bulus bai yi dariya ba. Ya yi kwanaki yana cije leɓe yana karance-karance a wayarsa, malamin kuma yana kira. Ran nan bayan azahar na ji ya buga tebur.

"Hajiya ƙarama, zo ki gani. A layinku in aka tsaya a bakin titi aka ce Musa, wa ke amsawa?"

"Musa mai shayi."

"Shi kaɗai ne Musa?"

"A'a, akwai Musan Hajiya Binta, amma shi can ƙarshen layi yake."

"To in Musan Hajiya Binta kike nema fa?"

"Sai in shiga in kira shi a ƙofarsu."

"Shi ke nan, kin gama jami'a. Ba ni gyaɗar nan."

Ashe laburare biyu ne a cikin na'urorin. Akwai tsohon da ya shigo tare da wasu manhajoji tun farko ba wanda ya lura, akwai sabon da malamin ya ce a saka, kuma kayan aikinsu sunansu ɗaya, takwarorin juna ne. Ita kwamfuta in an kira kayan aiki da suna, akwai wuraren da take bi ɗaya bayan ɗaya tana nema. Turawa path suke ce wa wannan, mu a shago hanya kawai muke cewa. Ƙofar farko da ta sami mai sunan, nan take tsayawa, ba ta ƙara gaba. Wurin juya lissafi Bulus ya kira sabon da cikakken adireshinsa, shi ya amsa. Wurin tayarwa ya kira suna kawai, sai tsohon ya amsa, don shi ne a gaba a hanya. An yanka riga da awon wani an sa wa wani, in ji masu sana'ar Baba. Maganin, a faɗin Bulus, a tambayi kowace na'ura wane ne ke amsawa in an kira, a matso da sabon zuwa gaban hanya, a yi haka ma a hanya ta biyu wadda ake bi wajen ɗauko laburaren in aiki ya tashi, sannan a sake juya lissafin daga farko. Amma tukuna sai an kashe waɗanda suka sandare an sake kunna su. Ya koma ɗakin gaba wurin babbar kwamfuta, ya bar ni da kashewa.

La'asar ta wuce, lokacin tashina ya gota ban sani ba. Umma ta kira. Ku tuna wayar Umma ta lokacin, wadda ba a jin magana sai an sa ta a amsa-kuwwa. Ranar Anti Asabe mai kitso tana tsakar gidanmu tana yi mata kitso, ga wasu mata biyu suna jira. Ni ban san wannan ba. Ina durƙushe a ƙarƙashin tebur ina laluben makunni, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Ke 'yar nan, ina kika tsaya har yanzu?"

"Umma, ba zan iya tahowa yanzu ba, hanya ce ta rikice. Ɓangare biyu ne, ɗaya ya tare gaba ya hana ɗayan wucewa."

"Wace hanyar? Innalillahi! Kina ina?"

Daidai nan Bulus ya ɗaga murya daga ɗakin gaba yana tambayar nawa aka kashe. Ni ma na ɗaga tawa, baki a jikin waya.

"An kashe huɗu! Saura biyu!"

Sai wayata ta ɗauke, caji ya ƙare. Na dube ta, na ce in na gama na ari caja wurin Madam. Wallahi ko a jikina.

Abin da ya biyo baya a Makera daga baya na ji shi. Anti Asabe ta bar tsinken kitso a kan Umma, ta fita ba mayafi tana kiran 'ya'yanta, tana cewa an kashe huɗu a Tirkaniya, an tare hanya, 'yar gidan Tela ce ta faɗa da bakinta. Kafin maganar ta kai bakin titi huɗun nan sun hayayyafa. Masu shago suka fara jan ƙofa, iyaye suka yi islamiyya a guje ɗauko yara, 'yan napep suka riƙa juyawa a tsakiyar titi suna sauke fasinja. Umma ta yi ta kirana ana ce mata wayar a kashe take, ita kuma a wannan lokacin ba kalmar da ta fi wannan muni a kunnenta.

Mu kuwa muna can mun gyara hanyar na'ura ta farko da ta biyu, har Bulus ya fara waƙar coci a hankali, sai muka ji ƙarar takalma a waje, irin wadda ba ta wasa ba. Madam ta leƙa. Mai gasa masarar ƙofar shago ta ɗauki 'yarta ta bar masara a kan wuta. Madam ta cafke hannun wani mai gudu ta tambaye shi, ya fizge yana cewa an fara a Makera, duk sun rufe shaguna. Ta ja ƙofar ƙarfe ta danna kwaɗo daga ciki. Ta juyo ta dube ni, ta dubi hijabina, kuma na gane abin da take lissafawa, don a duk layin nan ni kaɗai ce mai shi.

"Bulus, kashe janareta. Ke 'yata, ɗakin baya, ƙarƙashin tebur. Kada ki yi tari ma. Duk wanda ya shigo nan, da ni zai fara."

Ban san yadda zan kwatanta muku zaman nan ba. Ɗakin ba taga, janareta ya yi shiru, sai zafi da warin wayar lantarki. Madam ta zauna a ƙasa ta tare ni da bayanta tana addu'a da yarensu, ni ina karanta duk abin da ya zo bakina, in fara wannan sura in tsinci kaina a cikin wata. An fara a Makera. Umma tana Makera, Baba yana shagonsa a bakin titi, inda ba shi da ƙofar baya. Na roƙi wayar Madam na kira, layi ya ƙi shiga, don duk gari kira yake yi. Kuma ku ji irin zuciyar mutum, a cikin wannan halin har na tuna cewa ko an tsira, aikina ya ƙare.

Sai aka fara dukan ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba, duka da tafin hannu biyu, ƙarfen yana amsawa har cikin haƙorana. Wata murya a dushe, a fashe, ta kira.

"Rakiya! Rakiya!"

Madam ta toshe mini baki da hannunta. Wa ya san sunana a nan? Wa ya nuna musu shagon? Bulus ya laluba ya ɗauki sandar goge ƙasa. Aka sake duka, aka sake kira, ban gane muryar ba, don a duniya ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Can dukan ya yi rauni, muryar ta sauko ƙasa kusa da ramin kwaɗo.

"Madam Ladi, don girman Allah, Tela ne. Ko gawarta ce ku ba ni."

Da aka buɗe, Baba ne, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, tef ɗin awo har yanzu rataye a wuyansa. Rigarsa ta jiƙe da ruwan kwata har ƙirji. Ba mai napep ko acaɓa da ya yarda ya nufi Tirkaniya, sai ya tako da ƙafa, kowa na gudu zuwa gida shi yana ratsa su. A wajen tsallake wata kwalbati aka bangaje shi ya faɗa, ya tashi ya ci gaba a kan ƙafar da ta riga ta kumbura. Ya kama gefen hijabina, ya taɓa fuskata, ya juya ni kamar mai duba ɗinki. Sannan ya zame ya zauna a bakin ƙofa.

"Ina huɗun?" ya ce.

"Waɗanne huɗu, Baba?"

"Waɗanda kika ce wa uwarki an kashe."

Bulus ne ya fara ganewa, ya saki sandar ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Ni kuwa sai na ɗaga hannu na nuna ƙofar ɗakin baya, inda kwamfutocin suke jere. Madam ta dubi ɗakin, ta dube ni, ta dubi titi da ba kowa sai masara tana ƙonewa.

"Yesu! Ashe mu muka kori kanmu!"

Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta rungume ni tana dukan bayana. Baba bai yi ko ɗaya ba. Ya ce a tashe shi a kai shi ya ga hanyar da ta rikice. Aka tayar da janareta, Bulus ya zaunar da shi a kujera, ya nuna masa wani dogon layin rubutu a fuskar kwamfuta, ya yi masa bayanin takwarori biyu da wanda ke gaba. Baba ya daɗe yana kallon layin nan.

"Wannan ce hanyar?"

"Ita ce, Baba."

"To me ya hana ku kira kowane da sunan ubansa?"

"Kusan abin da muke yi ke nan, Baba, aka fara gudu."

Bulus ya samo acaɓa ya kai mu gida. Kafin magariba gari ya lafa, kowa ya fito yana tambayar ɗan'uwansa wa ya gani da idonsa, ba wanda ya gani. Ba a taɓa kowa ba. Amma an tattake tumatirin wata tsohuwa, wani yaro ya ɓace sai daga baya aka same shi a masallaci yana barci, Baba kuma mai ɗori ya ce ƙashin idon sawunsa ya tsage, ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita.

Kwanakin da suka biyo ban iya zama wuri ɗaya ba. In murfin tukunya ya faɗi sai in tsinci kaina a tsaye. Masu dubiya suka yi ta shigowa, rabinsu Baba suka zo gani, rabinsu ni. Anti Asabe ta rantse abin da ta ji ta faɗa, kuma gaskiyarta ce, kamar yadda ni ma abin da ke gabana na faɗa. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce wa Baba, cikin ladabi, yarinya irin wannan gida ya fi mata. Umma ta ce ai ba sai an faɗa ba. Ni dai ina jiran hukunci, Baba kuma ya ƙi tayar da maganar, sai ya bi ni da ido in na wuce. Madam da Bulus suka zo da lemo da ayaba. Bulus ya raɗa mini cewa ya ƙarasa gyaran, yanzu kowace na'ura tana faɗin matsayinta a cikin shida, lissafin kogi yana tafiya. Na ji daɗi na kuma ji kamar an yi biki a gidanmu ba na nan. Madam ba ta roƙi komai ba, sai da za ta fita ta ce wa Baba kujerata tana nan a shago tana jirana.

Bayan sun tafi ya kira ni. Yana kishingiɗe a tabarma, ƙafar tana ɗaure da karare a kan matashi.

"Uwata, na ce ranar da wani abu ya faru a hanya kin gama. To na bi hanyar nan da ƙafata daga nan har can, ban ga komai ba sai masu gudu. Ba zan ɗora miki abin da bai faru ba, sharaɗi bai karye ba."

"Malam!" in ji Umma daga bakin murhu.

"Bari in gama. Amma ki dubi ƙafar nan da kyau. Mai ɗori ya ce za ta taka, ba za ta yi gudu ba. In aka sake cewa an fara, ko gaskiya ko ƙarya, ba mai zuwa ɗauko ki. Ni ban hana ki ba, ban kuma ce ki je ba."

Da ya hana ni da ya fi mini sauƙi, in yi kukana in huta. Na yi ta kai da kawowa tsakanin ɗaki da tsakar gida, in ɗauki hijabi in ajiye. In na rufe ido sai in ji ƙarar ƙofar ƙarfe. In na buɗe sai in ga kwanukan wanke-wanke, in ga kaina a gabansu har abin da Allah ya yi. Umma ta ce in ina da kunya ba sai an gaya mini ba.

Ranar da Baba ya fara rarrafawa zuwa kan keken da aka dawo masa da shi gida daga shago, yana koyon taka shi da ƙafar hagu, ɗinki na karkacewa yana warwarewa, ranar na shirya. Na yi wa Umma sallama, ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba, kuma an daɗe kafin ta sake amsa mini sallamar safe. Na tsaya a kan Baba na ce na tafi. Bai ɗago ba, ya ciji zare ya ce Allah ya tsare.

Har yau ina zuwa. A bakin napep nake zama, ƙafa ɗaya a waje, in an yi hon da ƙarfi sai na riƙe ƙarfe. Tsoron bai tafi ba, tare muke fita tare muke dawowa. Ku da za ku tashi ku ga Baba yana ɗingishi, za a ce muku ƙaryar Rakiya ce ta karya shi. Ban yi ƙarya ba. Nemana ya je yi ya samo ɗingishin nan, ina ganinsa da idona kowace safiya, kuma in sa hijabina in wuce ta gabansa in fita. Gobe ma zan fita.